Kafireton da Kawu Bai Rufe Ba

Da muka dawo daga maƙabarta ranar Laraba, rumfar ƙofar gidan Kawu ta kasa ɗaukar jama'a, sai da aka shimfiɗa tabarmi har bakin kwata. Ina zaune ina amsa "ya haƙuri" da baki kawai, hankalina ba ya jikina. Amma kunnen direba ba ya hutu, duk abin da ake faɗa ina ji.

Wani tsohon direban babbar mota ya dogaro sandarsa ya zauna. Ya yi addu'a, aka shafa, sannan ya ce, "Shi ke nan. Yau kafireto ya zama maraya a Kaura." Mutane suka yi dariyar da ba su shirya ba, wasu na yi suna share ido. Wani manomi da ya zo daga Banga bisa babur ya ce injinsa na ban ruwa ya shekara yana tari, Kawu ya saurare shi sau ɗaya ya gano ciwon. Liman ya ce ko bai waiga ba ya san Kawu ya shigo sahu, ƙanshin fetur ne ke yi masa sallama. Mai furar bakin tasha kuwa saƙo ta aiko daga cikin gida wurin mata, wai shekara da shekaru Kawu na shan furarta, bai taɓa sha bai ce ruwa ya yi yawa ko ya yi kaɗan ba, kuma ta yafe masa duniya da lahira.

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kawu ƙanen mahaifiyata ne, ciki ɗaya, su biyu suka rage a ɗakinsu. Ni direba ne, na haura hamsin, ina jigilar hatsi da mutane tsakanin Kaura Namoda da Kasuwar Daji da Shinkafi da wata tsohuwar a-kori-kura wadda ta girmi aurena. Ba sana'ata ba ce rubutu. Na zauna na yi wannan ne don na lura nan da 'yan shekaru za a ce kafireto yara su tambaya ko abin ci ne, balle a tuna da mutumin da ya ba shi rayuwarsa.

Ana cikin zaman nan wayata ta yi ƙara. Inna ce, mahaifiyata, daga ƙauyensu can gaba da Zurmi. An ɗora ta bisa kujera an kai ta tudun da ake samun sabis. Ba ta yi kuka ba, muryarta ce dai ta ƙanƙance.

"Ka taho ka ɗauke ni," in ji ta. "Ban ga gawatai ba, to in ga ƙofar ɗakinai. Ba a yin sadakar ukku ba ni nan."

Sadakar uku ranar Juma'a ce. Gwiwoyin Inna sun daina hawa babur tun tuni, motocin haya kuma sun daina shiga ƙauyen nan saboda halin da hanya ke ciki. Ko ka roƙi mai sabuwar mota, zai ba ka haƙuri ya yi maka addu'a. Motar da ke shiga tawa ce. Ita kuwa tana garejin Kawu, bonet a ɗage, kafiretonta a wargaje cikin farantin silba. Ranar Talata muka kwance shi, ya ce in dawo da safe mu rufe. Da safen ya dawo daga sallar asuba, ya ce wa matarsa ƙirjinsa ya yi nauyi, ya kishingiɗa. Bai tashi ba.

Na ce, "To, Inna, ina tahe gobe." Na kashe wayar ban san da me zan je ba.

Kafireto shi ne wurin da mai da iska ke haɗuwa kafin su shiga inji. Kawu kan ce damun fura ne: in nono ya yi yawa ta tsinke, in fura ta yi yawa ta shaƙe ka. A cikinsa akwai jet, ɗan tagulla da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, da rami a tsakiya inda mai ke bi. Na motata biyu ne, kuma cikin kowane akwai allura a tsaye. In kana tafiya a hankali, kaurin allurar ya tare ramin, mai ya riƙa wucewa kaɗan. In ka taka totur, allura ta ɗaga, siririn bakinta kaɗai ya rage a ramin, mai ya kwararo. Motar wani kamfanin auduga ce da ya daɗe da tashi, tun zamanin da jirgin ƙasa ke cika da kaya a Kaura, kuma a bakin tashar jirgin nan Kawu ya koyi aikinsa. A garin nan kaf babu wanda ya san cikin wannan kafireto sai shi.

Yana da gwangwanin madara cike da jet da allurai da ya tsinta tsawon rayuwarsa daga motocin da suka mutu. Bai taɓa zura wa jet waya ko tsinke don ya fitar da datti ba. Hura shi yake yi da baki, ya ɗaga shi sama ya rufe ido ɗaya ya leƙa rana ta cikin ramin. In ya ga wani bakanike na sakace jet da waya, sai ya kau da kai kamar ya ga ana dukan tsoho.

Kuma kullum akwai ƙuli-ƙuli a aljihunsa. Mutane na zaton kwaɗayi ne. To, akwai kwaɗayin, amma ma'auni ne. In ya gama saiti, sai ya ce ka ja motar ka bi hanyar Banga har gadar farko, ka ba ta wuta sosai, ka kashe ta tana cikin gudu, ka kwance fulogi ɗaya ka dubi bakinsa. In baƙi ne da kunkunniya, mai ya yi yawa. In fari ne fat kamar toka, inji na jin yunwa, yana cin kansa. Sai ya ciro ƙuli-ƙulin ya kara kusa da fulogin. "In sun zan launi guda, an gama." Daga nan ya jefa ma'aunin a baki ya tauna.

Abin da ke ba ni haushi da shi a da, ba ya canza abu biyu lokaci ɗaya. Ya canza jet, a je gada a dawo. Ya canza allura, a je gada a dawo. Kana tsaye fasinja na jiranka a tasha, zufa na karyo maka, shi ko yana shan furarsa yana kushe ta.

"Kawu, a haɗa su gaba ɗaya mana!"

"In ta gyaru, wanne ya gyara ta? In ta lalace, wanne za ka zaga? Tahi ka dawo, direba."

Haka yake kirana, direba, ko a gaban matata da 'ya'yana. Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ranar da zan faɗa nan gaba.

Mun yi faɗa sau ɗaya, kuma ni ne mai laifi. Lokacin da mai ya yi tsadar da direbobi suka fara magana su kaɗai a titi, wata dabara ta shigo tasha. Ana zare sili ɗaya na wayar wuta a zura cikin jet a lanƙwasa, ramin ya ƙanƙance, mota ta rage shan mai. Kowa na yi, kowa na yabawa. Na je na sami Kawu.

"Kawu, a rage mata ci."

"Abin da ya kamace ta take ci. Kai ka rage naka mu gani."

"Haba Kawu, kowa na sa wayar nan."

"Kowa ba ɗan yayata ba ne." Ya ci gaba da goge sifana. "Wagga hanya da kake bi, akwai ranar da za ka taka totur kana son mota ta amsa maka nan take. In ka koya mata yunwa, tari za ta yi maka."

Raina ya ɓaci, ga mutane na ji. Na ce, "Zamaninku ya wuce, Kawu, shi ya sa."

Wallahi har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse. Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye sifanar a hankali ya ce, "To tahi wurin 'yan zamani." Na tafi kuwa. A Shinkafi wani ya sa mini wayar kafin in gama cin tsire. Wata huɗu ina kewaye layin garejin Kawu kamar mai gudun kare, ina gaya wa kowa a tasha yadda motata ta daina shan mai.

Ranar ta zo da rana tsaka. Mun taso daga Shinkafi, bayan mota cike da buhuna da mata 'yan kasuwa a kai. Mun wuce mararrabar da ke shiga Galadi kaɗan, sai ga babura sun fito daga daji ta hannun dama, da yawa, kowane da goyo, suna yanko gona suna nufo titi. Matan suka ɗauki salati. Na taka totur har ƙasa. Mota ta yi tari. Ta sake tari ta ja baya kamar an riƙe ta, na ji injin na shirin mutuwa a ƙarƙashina. Na ɗaga ƙafa, na sake takawa a hankali ina lallashinta, ina kiran sunan Allah da ƙarfi, da ƙyar ta ɗauka. Har yau ban san ko su wane ne ba, ban tsaya tambaya ba. Abin da na sani, da ta mutu a wurin nan, ni na kashe ta da silin waya, kuma akwai mace mai goyo a bayana.

Ban je gida ba, garejin Kawu na nufa. Akwai mutane a benci. Ya dube ni sau ɗaya. Ya ɗaga bonet, ya kwance fulogi. Fari fat. Ya buɗe kafireto, ya juya wa mutanen baya, na ga ya zare silin wayar ya dunƙule a hannu ya sa aljihu.

Wani daga benci ya ce, "Mi as same ta?"

"Datti ne cikin mai," in ji Kawu. "Man bakin hanya."

Da aka watse, ya matso da kwanon furarsa gabana. A nan ne ya kira ni da sunana na yanka, sau ɗaya, ya ce, "Sha. Ruwa ya yi yawa, amma sha." Na sha ina kuka, ƙato da ni da furfura a gemu. Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya, kuma Inna ba ta taɓa ji ba.

A shekarun ƙarshe idonsa ya yi rauni, ya daina ganin ramin jet. Bai ce ya gaza ba, Kawu ne fa. Sai dai ya riƙa cewa, "Direba, kama nan, hannuna da maiƙo." Ni ke kwancewa, ni ke leƙa rana, ni ke murɗa sukudireba, shi yana zaune bisa benci ido a rufe, kai a karkace. "Ƙara kaɗan. Ya yi yawa, koma. Tsaya nan." Na ɗauka taimakonsa nake yi. Ban gane abin da yake yi da ni ba sai ranar Alhamis ɗin nan.

Da sassafe na shiga cikin gida na durƙusa gaban matar Kawu, tana zaune cikin takaba. Kunya nake ji, jiya aka binne mutum yau ina maganar mota. Kafin in gama kame-kame ta miƙo mini makullin gareji.

"Tashi ka je," in ji ta. "Da shina nan, da ya kore ka tun ɗazu. A bar yayatai a ƙauye don ana jin kunya?"

Babban ɗan Kawu ya biyo ni. Taubashina ne, tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Bakanike ne shi ma a Gusau, amma na motocin zamani, waɗanda ake jona wa kwamfuta ta faɗi ciwonsu. Muka buɗe gareji. Farantin na nan yadda Kawu ya bar shi, an rufe da tsumma. Tsofaffin jet ɗin da allura ta cinye ramukansu suna gefe guda, su suka sa motar baƙin hayaƙi. A tsakiya ya jera sababbi daga gwangwani: jet kashi uku, ƙanana da matsakaita da manya, allura kashi biyu, masu kaurin baki da masu siririn baki. Bai zaɓa ba. Ya bari sai da safe.

"To, malam mai kwamfuta," na ce, "jona mata mu ji."

"Wagga? Ko kakar kwamfuta ba ta san ta ba." Ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Ya juya yana share fuska. "Shekara nawa yana cewa in zauna in koya, ina ce mishi babu kasuwa."

Na ɗauko gwangwanin don in ga ko akwai wata alama. A ƙasa can na tarar da ɗan ƙullin leda, cikinsa silin wayar nan, a lanƙwashe yadda ya zare shi. Ashe ajiye shi ya yi. Na mayar na rufe kafin taubashina ya gani.

Lokaci ne matsalar. In ban bar Kaura kafin azahar ba, ba zan dawo da Inna kafin la'asar ta yi sanyi ba, kuma babu mai hankalin da ke kan hanyar Zurmi bayan haka. Na hura manyan jet, na leƙa rana, na ɗaura su da allura mai kaurin baki. Ta tashi. Muka je gada. Fulogi baƙi ƙirin, hayaƙi har cikin hanci. Muka dawo, na canza jet kaɗai, na sa matsakaita. Kafin mu fita taubashina ya tsaya wurin mai tebur, ya dawo ya danƙa mini ƙuli-ƙuli ba tare da ya dube ni ba.

A gada na kashe ta cikin gudu, na kwance fulogi, na kara. Launi guda.

"Allahu akbar!" in ji taubashina. "An gama. Tahi ka ɗauko gwaggo."

Da muka juyo, sai na taka totur har ƙasa lokaci ɗaya, in ji. Ta yi ɗan tari, guda ɗaya, sannan ta ɗauka.

"Wannan ba komai ba ne," in ji shi. "Duba rana fa. Sha ɗaya ta wuce."

Gaskiyarsa, rana ta ɗaga. Zuciyata ma cewa take in tafi. Amma na san tarin nan, na taɓa jin sa da mata a bayana, yau kuma uwata zan ɗauko. Na ce masa sai na sake buɗewa. Ya ce taurin kaina ya fi na jakin Kasuwar Daji. Na ce gadon gidansu ne, ta wurin uwa na samo. Muna zagin juna yana miƙo mini sukudireba. Ban taɓa jet ba, allura kaɗai na canza, na sa masu siririn baki. Na tayar da ita, na sa hannu a sukurun silo, mai daidaita muryar inji in mota na tsaye, sai na ga na rufe ido na karkata kai ban sani ba. Na ƙara kaɗan. Ya yi yawa, na koma. Na tsaya inda muryarta ta daidaita. Da na buɗe ido, taubashina na kallona baki buɗe.

Muka sake zuwa gada, karo na uku. Na taka har ƙasa, ta zabura ba tari ba gardama, har kan taubashina ya bugi ƙarfen baya. Fulogi launin ƙuli-ƙuli. Na raba ma'aunin biyu, na ba shi rabi, muka tauna a tsaye bakin gada.

"Sati mai zuwa ina dawowa," in ji shi. "Ka nuna mini allurar nan. Amma kar ka gaya wa kowa a Gusau."

Ana kiran azahar ina fita Kaura. Na isa ƙauyen na tarar Inna ta shirya tun safe, tana zaune a zaure da ƙullin kayanta bisa cinya. Aka kama ta aka sa ta gaba. An yi ruwa kwana biyu da suka wuce, mashigin rafin da ke kafin Zurmi ya cika da yashi mai laushi, motar ta ratsa shi ba ta ko yi nishi ba. Bayan Zurmi akwai wani dogon daji da babu direban da ke sassautawa a cikinsa. Na ce, "Inna, riƙe da kyau." Na taka. Ta amsa nan take, ta miƙe da mu, ba mu ga kowa ba sai shanu can nesa da geron da ya yi kore shar a gonakin da aka samu aka noma.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa. Yadda ya rufa mini asiri a gaban mutane, Allah Ya rufa masa a ranar da babu mai rufawa sai Shi.

Tun da muka taso Inna carbi kawai take ja. Sai da rufin gidajen Kaura ya fara bayyana ta ɗora tafin hannunta bisa ƙarfen gaban mota, ta bar shi nan, tana sauraro. Ba ta san jet ba, ba ta san allura ba, amma ta shekara sittin tana jin motocin da suka fito daga hannun ƙanenta.

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Ashe ya samu ya gama maka ita kahin ya tahi."

Na buɗe baki in ce ni ne. Sai na ga ba ƙarya ta faɗa ba.

Na ce, "Ya gama, Inna."